Baƙon Gidanmu

A gidanmu ba a cewa mutum ba shi da lafiya idan wannan zazzaɓin ne ya kwantar da shi. Cewa ake yi ya yi baƙo. Da wannan kalmar na tashi, kuma sai da na shiga lakwal, wato makarantar boko, na gane cewa sauran gidajen Madarumfa ba su san ta da wannan ma'ana ba. A wurinsu baƙo mutum ne mai ƙafa biyu, wanda ake shimfiɗa wa tabarma a zaure. Namu ba ya tsayawa a zaure.

Mutum yakan tashi lafiya ƙalau, ya yi sallah, ya karya, sai wajen hantsi ya ji ƙugunsa ya yi nauyi, bakinsa ya yi ɗaci. Kafin azahar sanyi ya kama shi, ko da a tsakiyar bazara ne. Daga nan ciki ya ɗaure, ya yi tauri kamar an haɗiye dutsen niƙa. Ba a iya miƙewa, ba a iya tari, dariya kuwa azaba ce. Wani zuwan a ƙirji yake sauka, kowane numfashi ya zama sukan tsinke. Wani zuwan a gwiwa ko idon sawu, wurin ya kumbura ya ɗauki zafi. Yakan yi kwana biyu ko uku, sannan gumi ya karyo, mutum ya tashi da yunwa kamar babu abin da ya same shi. Bayan 'yan makonni ya dawo. Bai san damina ba, bai san rani ba.

Mahaifina yana da shi, ƙanensa ma haka, kuma an ce kakarsu ta yi fama da shi. Cikin 'ya'yan mahaifina ni kaɗai ya zaɓa. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ba ta da shi, amma ɗiyar kawun mahaifina ce daga garin Sarkin Yamma, saboda haka ta san shi tun tana yarinya. Ita ce mai tsaron ladubbansa. Ba a zaginsa. Ba a tambayar yaushe zai tafi. Ana dama masa kunun tsamiya marar kauri, a ajiye a gefen shimfiɗa, ko an sha ko ba a sha ba. Idan ya tafi, Inna takan share ɗakin ta ce, "Allah shi kiyaye hanya." Ban taɓa ganin tsafi cikin wannan ba, Inna mace ce mai riƙo da sallah. Zatona shi ne wata tsohuwa ce can baya ta ga abin da ba ta da maganinsa, ta nema masa sunan da za a iya zama da shi a gida ɗaya.

Mahaifina manomi ne, yakan kuma taɓa kamun kifi a tafki idan aikin gona ya ƙare. Inda baƙo ya fi cutarsa shi ne lokacin shuka, domin ruwan farko ba ya jiran kowa. Na tuna wata shekara da aka yi ruwan shuka mai kyau, gari duka ya fita da sungumi, shi kuwa yana ɗaki a naɗe kamar jinjiri. Da ya fito garau, ƙasa ta riga ta sha iska. Maƙwabcinmu ya tsaya da jakinsa a ƙofar gida ya dube shi sama da ƙasa.

"Ciwon ga naka ya san aiki, wallahi," in ji shi. "Da an ƙare shuka sai shi sallame ka."

Mahaifina ya taya shi dariya. Ban taɓa jin ya kare kansa ba. Daga baya na fahimci dalili: wanda ya gan ka jiya kana murƙususu, ya gan ka yau kana cin tuwo, dole ya zaɓi ɗaya ya gaskata, kuma tuwon ne ya fi sauƙin gaskatawa.

Ni ya fara sauka wurina ina ƙananan azuzuwa. Duk lokacin da aka kai ni gidan likita sai a ce palu ne, zazzaɓin sauro. A yi mini allura, bayan kwana uku in warke, a yaba wa allura. Haka na yi ta tafiya har jami'a a Yamai, inda na karanta tarihi da labarin ƙasa. A can, wani zuwan da ya tsananta, suka buɗe mini ciki suka cire 'yar hanjin nan da ake cewa ba ta da amfani. Ban ga laifinsu ba; duk wanda ya taɓa cikina a ranar haka zai yi. Baƙo ya dawo a kan lokacinsa, ya tarar da ɗinki.

Na dawo gida na kama aikin koyarwa, kuma a nan nake har yau, ina da shekara hamsin. An taɓa yi mini tayin ƙarin karatu a waje, na ƙi. An buɗe gasar zama mai duba makarantu, ban shiga ba. Ba na alkawarin rakiyar ango, ba na karɓar jagorancin taro, kuma duk inda na ce "in Allah ya yarda", akwai sharaɗi na biyu da nake ƙarawa a zuci. Abokan aikina sun saba, idan na ɓace kwana biyu sai su raba ajina, idan na dawo wani ya kira ni yadda ake kiran malami a lakwal ya ce, "Mushe, an dawo daga hutu?" Abin da ban iya rabewa ba har yanzu shi ne, cikin duk abin da na bari, wanne baƙo ya ƙwace, wanne kuma ni na miƙa masa tun bai tambaya ba. Mai irin wannan ciwo yana da uzuri a aljihu kullum, kuma uzurin gaskiya ne. Wannan ne ya sa yake da haɗari.

Matata 'yar Gabi ce, ba danginmu ba ce. Tana cikin watanta na farko a gidan, wata rana na dawo daga aiki da hantsi a sunkuye, na wuce ƙaramin ɗakin da ke kusa da na Inna, inda muke jinya. Ita tana wurin famfo, ba ta ga shigowata ba. Da ta sauke tulu Inna ta ce mata, "Amarya, maigidanki ya yi baƙo, yana ɗakin can. A dama kunu."

Amarya ta ga cewa baƙon farko da za ta tarba a gidan miji ba za ta tarbe shi da kunu ba. Ta sa aka yanka zabon da uwarta ta ba ta, ta dafa shinkafa, ta canza zane, ta jera kwanuka a faranti, ta zo ƙofar ɗakin ta yi sallama da murya ƙasa-ƙasa. Ta shigo ta same ni ni kaɗai, gwiwoyina a ƙirji.

"Ina baƙon?"

Na nuna mata cikina.

Inna tana bayanta, ta riƙe bango don dariya. "Ke ɗiyar ga, wa ya ce ki yi yanka?"

"Inna, mu a Gabi ba mu tarbar baƙo da kunu."

"To, mu a Madarumfa baƙonmu bai da haƙora. Kawo nan, kar a yi asara."

Inna ta cinye cinyar zabon a bakin ƙofa. Na yi dariya sau ɗaya, na biya kuɗinta da hawaye. Daga ranar matata ta koyi kalmar, amma ba ta taɓa faɗinta ba tare da wani ɗan murmushi a gefen baki ba.

Shekarar da aka haifi ɗiyarmu ta fari, wadda na sa wa sunan Inna, baƙo ya daina zuwa wurin mahaifina. Wata ya wuce, wani ya biyo, shiru. Ya yi shuka tare da mutane, ya yi noman fari da maimai babu fashi, ya cika rumbu da hatsi kamar yadda bai taɓa yi ba. Muka yi murna, har aka yi sadaka. Bayan girbi takalminsa ya fara matse shi. Ƙafafunsa suka kumbura, idan an danna sai wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Fuskarsa ta biyo baya, fitsarinsa ya riƙa kumfa. A asibitin Maraɗi suka ce ƙoda ce, kuma an makara. Bai ga wata damina ba.

Ni a lokacin ban haɗa abubuwan biyu ba. Inna ta haɗa su. Bayan ta fita takaba ta faɗa mini magana ɗaya, ba ta kuma maimaita ta ba sai bayan shekaru masu yawa. Ta ce baƙo ba ya sauka a gidan da ya hango makoki. Duk ranar da ya daina gaishe ka, ya ga abin da kai ba ka gani ba. Ta ce haka aka yi da ƙanen mahaifina ma.

Ɗiyata, wadda nake kira Uwata saboda sunan da take ɗauke da shi, Inna kuma take kira Takwara, ta fara yin baƙo tun kafin ta fara famfara. A ɗakin Inna ta girma, gado ɗaya, kwano ɗaya. Yarinya ce mai kai, mai son lissafi, amma kowane zango sai ta rasa darussa, sannan ta zauna ta kwafe na ƙawayenta ba tare da ƙorafi ba. Da ta kai ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, shekarar bak, jarrabawar da ke buɗe ƙofar jami'a, na fara lissafin da na san ta ma tana yi. Jarrabawar kwanaki ce a jere. Ba a ɗage ta don mutum ɗaya.

A hutun da ya gabaci wannan shekarar wani tsohon abokin karatuna ya haɗa mu da wata likita a Yamai. Ta saurari yarinyar, ta duba takardun gwajin sauro da muka tara, mafi yawansu babu komai a ciki, sannan ta yi tambayar da babu wanda ya taɓa yi mini.

"Wa kuma ke da shi a gidanku?"

Na jero mata su kamar mai karanta salsala. Ta tambayi yadda mahaifina ya rasu. Da na gama ta ajiye alƙalaminta.

Ta faɗi sunan ciwon da Faransanci, dogon suna, sannan ta yi bayani. Ba sauro ba ne, ba kuma abin da aka ci ba ne. Gado ne. Masu gadin jiki ne suke tayar da gangami alhali babu ɓarawo, su yi ta faɗa har su gaji. Kowane tashi kuma yana barin wani abu a jini, wanda yake zuwa ya kwanta a ƙoda. Nan take na tuna tafkinmu, yadda gulbi yake kawo masa yashi kowace damina, ba a gani a shekara ɗaya, sai wata rana a ga mutane suna shuka inda aka taɓa jefa taru. Game da mahaifina ta ce ɓarnar ta daɗe da faruwa; shirun da baƙo ya yi a ƙarshe ba shi ne ya kashe shi ba.

Akwai magani, ƙaramar ƙwaya, kullum, har ƙarshen rai. Ta ce ba za ta ce an warke ba, amma ga mafi yawan masu irin wannan zuwan yakan ragu ko ya tsaya, ƙoda kuma ta huta. Ta rubuta wa yarinyar, ta rubuta mini. Ta sa aka gwada fitsarina, ta ce nawa ya fara nuna alama kaɗan, kada in yi wasa.

Muka fara sha, baƙo ya daina zuwa. Zan so in ce murna na yi, kuma na yi, amma abin da na fi tunawa shi ne wani irin rashin sabo. Nakan tsaya a tsakiyar darasi in saurari cikina, kamar mai jiran sallama a ƙofa. Yarinyar kuwa ba ta tsaya sauraren komai ba. Ta yi ƙiba, ta daina kwafar darasin kowa, ta yi azumi cikakke karo na farko a rayuwarta.

Inna kuwa, sai na lura ta tsiri ƙunshi. Kusan kowane mako sai ta ce, "Takwara, taho in sa miki lalle." Yarinyar ta miƙe ƙafafu a kan cinyarta tana karatu, Inna tana shafawa. Wata rana ina wucewa na ga ta danna babban yatsanta a ƙaurin yarinyar, ta ɗaga, ta tsura wa wurin ido.

Wata la'asar ta kira ni gindin dalbejiyar tsakar gida. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana. Tun da na fara aiki take ce mini Mushe, kamar yadda 'yan lakwal suke cewa, kuma a bakinta kalmar ba duka girmamawa ba ce.

"Mushe, zamna. Yaushe rabon gidan ga da baƙo?"

"An daɗe, Inna. Alhamdu lillahi."

"Haka muka ce wancan karon. Har sadaka muka yi."

Na yi mata bayani a tsanake, irin wanda nake yi wa ɗalibai. Na kawo masu gadi, na kawo tafki da yashi. Ta bar ni na kai ƙarshe.

"Ka ƙare? Lokotoron taka ta ga ubanka?"

"Likitar ba ta gan shi ba."

"Ni na gan shi. Ni na riƙa wanke ƙafafun nan, yatsana yana nutsewa ciki kamar a ƙullu. Kai ka karanta, ni na gani. Wancan baƙo shi ya tafi don kanshi, ka ga abin da ya biyo. Ku kuwa korar shi kuka yi. Mi kake jin za ya yi?"

Ta juya wurin yarinyar, wadda ke zaune a bakin ƙofa da littafi. "Takwara, in kin ƙara haɗiye abin ga, ban yarda ba."

Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba zai ce ai sai in ba da umarni. Na ba da. Amma "ban yarda ba" daga bakin wadda ta goye ka ba magana ba ce da umarnin uba yake shafewa, ni kaina ɗanta ne. Na ce wa yarinyar ta riƙa sha a ɗakin uwarta. Ta ce ba za ta kwana gado ɗaya da mutum tana ɓoye masa abu ba. Ban da haka, rashin zuwan baƙo ba abin ɓoyewa ba ne.

"Baba, in na sha ita ba ta da kwanciyar hankali, in ban sha ba kai ba ka da shi. Ni dai na saba da baƙo."

Ta daina. Bai ɓata lokaci ba. Ya sauka a makon jarrabawar gwaji, ya kama ta a ciki da gwiwa, ta rasa lissafi da kimiyya. Na tsaya a ƙofar ƙaramin ɗakin ina kallon Inna tana dama kunu. Ban taɓa ganin mutum ya sami natsuwa irin wannan a kan ciwon wanda yake ƙauna ba. Har waƙa take yi ƙasa-ƙasa. Ban ji haushinta ba; na ga dai cewa ni da ita abu ɗaya muke tsoro, kuma kowannenmu yana ganin maganin ɗan'uwansa shi ne ajalin yarinyar. Bak ta gaske kuma saura 'yan watanni.

Matata ce ta kawo mini maganar da ta buɗe hanya. Suna tsintar wake da Inna, Inna ta ce, kamar mai magana da kanta, "Da ma ko mutum guda yake sauka wurinshi, da hankalina ya kwanta. Gida duka a rufe mashi ƙofa? Wa ya taɓa yin haka ya ga daidai?"

Na daɗe ina juya wannan. Hanyar da ta fi tsabta ita ce in daina shan nawa da gaske, in saya wa yarinyar lafiya da ƙodata. Na auna ta, ba don burge kowa ba, na ga cewa ƙarshenta Inna za ta sake wanke kumburarrun ƙafafu, kuma ta ƙara gaskata abin da ta riga ta gaskata. Ɗaya hanyar ba ta da tsabta. Ban kai ta wurin liman ba, domin na san amsar da zai ba ni, na kuma san ba ita nake nema ba.

Na sami Inna bayan sallar azahar na ce, "Inna, a bar yarinya ta sha maganinta. Ni zan karɓe shi."

Ban ce zan daina shan nawa ba. Na zaɓi kalmomina kamar mai tsallaka gulbi a kan duwatsu. Ta dube ni har na sunkuyar da kai.

"Kai ka san abin da ka faɗi," in ji ta. Da yamma na ji tana ce wa yarinyar ta janye maganarta.

Yarinyar ta koma kan ƙwayarta, ni ban sauka daga tawa ba, makonni suka fara tafiya, idon Inna ya dawo kaina. Na ga alkawari ya kusa cika wa'adi. Wata Lahadi da hantsi na ce wa matata baƙo ya iso.

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Malam, in sa a yanka zabo, ko har yanzu bai da haƙora?"

"Ki yi mini rai, ki sanar da Inna kawai."

Na shiga ƙaramin ɗakin na kwanta, na ja bargo, na naɗe gwiwoyi. A nan na gano abin da ban zata ba. Shekara arba'in da wani abu ina cikin wannan ciwo, amma daga ciki na san shi. Ban san yadda yake daga waje ba. Ban san ko ina nishi ba, ko shiru nake yi. Ban san inda nake ajiye hannuwana ba. Na gwada wani nishi, na ji shi a kunnena kamar na ɗan wasan kwaikwayo.

Inna ta shigo da ƙwaryar kunu ta ajiye. Ta zauna a bakin shimfiɗa, ta sa tafin hannunta a goshina. Wannan hannun ya auna zafin mahaifina, ya auna nawa tun ina yaro, ya auna na jikarta. Goshina kuwa sanyi ƙalau, ban da gumin bargo. Ta saukar da hannun ta danna cikina. Na manta ban ɗaure shi ba.

Ina jin tattabaru a kan katanga.

"Baƙon ga ya tsufa," in ji ta a ƙarshe. "Zafinshi duk ya tafi."

"Haka na gani, Inna."

"Kuma na ga ya shiga lakwal. Ya san ranar hutu."

Ta janye bargon daga ƙafafuna, ta danna ƙaurina da babban yatsa, ta ɗaga. Wurin ya dawo nan take. Ta danna ɗayan. Ta mayar da bargon, ta dafa gwiwa ta miƙe.

"To. Sha kununka."

Daga tsakar gida na jiyo muryarta: "Takwara! Kin sha abinki yau, ko sai na biyo ki da muciya?"

Yarinyar ta zauna bak daga ranar farko har ta ƙarshe, ba ta rasa takarda ko ɗaya ba, kuma ta samu. Yanzu tana jami'a a Maraɗi, ƙwayarta a jakarta. Idan ta zo hutu Inna tana sa mata lalle, tana dannawa, yarinyar tana miƙa ƙafa kamar ba ta sani ba. Baƙon gaske ya taɓa leƙo ni sau ɗaya tun daga lokacin, wani ɗan zuwa marar ƙarfi, likita ta ce hakan yakan faru. Ranar ne kawai Inna ba ta yi mini ba'a ba.

Sauran lokuta, idan na ga ta fara yawan kallona, sai in zaɓi wata Lahadi in kwanta. Ban san abin da ta ɗauka ba. Wataƙila a ganinta baƙo yana karɓar ladabi ko da babu zafi. Wataƙila ta ga yarinyar ta wuce wa'adin da mahaifina ya yi babu kumburi, ta sauko, amma ba ta da ƙofar da za ta fito ta cikinta sai wannan. Ban tambaye ta ba, ita ma ba ta tambaye ni ba. Nakan kwanta ina tunanin maƙwabcin nan mai jaki, da abokan aikina masu tambayar hutu. Duk shekarun da aka zarge ni da ƙarya gaskiya nake faɗa, yanzu kuma babu mai zargina.

Da la'asar nakan tashi in ce ya tafi. Inna ta kawo tsintsiya ta share ɗakin ta ce, "Allah shi kiyaye hanya." Abu ɗaya ne ya canza cikin ladubban. Kunun yanzu da kauri take dama shi, kuma tun daga karo na biyu take ajiye ƙosai a gefensa.